Abin da Almakashi Ya Bari

Da muka buɗe shagon Baba a Yelwa
bayan sadakar arba'in,
ba kuɗi muka tarar ba.
Keke ne, ƙafarsa ɗaya a kan bulo,
da littafin bashi da ruwa ya taɓa ci,
sai buhu uku na ƙyallaye,
ragowar shekara talatin da ɗaya.

Yayana Sanda ya ce a kai bola.
Na ce a bar min.

Ban iya riga ba. Wuya kan kayar da ni,
hannu kuwa ɗaya sai ya fi ɗaya tsawo.
Amma kwando ba ya neman awon kowa.
Da'ira a gindi, faɗin murfin kwano,
bango tsawon tafin hannu,
yankin buhun shinkafa a tsakiya don ya tsaya da kansa,
a sa shafi, a kifa, a bi da keke,
a bar 'yar kafa a juyo shi ta nan
kamar ana cire wa yaro riga.
Sai a naɗe baki, a danne da dutsen guga.

Na farko ya karkace kamar hular mai gyangyaɗi.
Inna ta zuba maɓallai a ciki, ba ta ce uffan ba.
Na biyu ya riƙe maganin hawan jininta.
Na bakwai ne ya zauna daram,
ya karɓi makullai da ashana
da cajar wayar da kullum ake birkice ɗaki a nemanta.

Wata safiya Iyatu mai kifi ta biyo daga bakin Binuwai,
ta sauke tire, ta ɗauki wani shuɗi mai zanen tsuntsu,
ta daɗe tana jujjuya shi.
Ta ce, "Wannan na ɗaura ran sunan Bakari.
Yau ga shi yana jan tirela zuwa Njamena."
Na ce ta tafi da shi.
Ta bar min karfasa biyu, ko sauraren a'a ba ta yi ba.

Sai na koma na dubi buhun da kyau.
Ashe Garwa ce aka yayyanka.
Ga kakin jandarma, ga rigar makaranta,
ga atamfar takwas ga Maris ta shekaru daban-daban,
ga ankon auren da ya mutu tun launi bai koɗe ba,
ga shadda ruwan ƙasa ta wani alhaji
da sunansa ke shafi na huɗu a littafin nan,
sefa dubu tara, tun ina aji uku.

Na ɗinka masa nasa da kyau, har da kunnuwa biyu.
Na aiki yaro. Ban sa takarda ba.
Kwana biyar shiru.
Ran Juma'a kwandon ya dawo cike da dabino,
a ƙasan dabinon dubu huɗu a nannaɗe.
Ko ya manta sauran ne,
ko iya abin da kwandon zai ɗauka ke nan, oho.
Na dai ja layi a kan sunan.

Yanzu saura rabin buhu.
Daren jiya aka ɗauke wuta, na zazzage shi a tabarma,
ina haskawa da waya,
ina neman ƙyalle ɗaya tak daga rigar Baba.
Babu.
Inna ta ce daga kan gado,
"Ai gwanjo yake saye.
Yaushe ya sami sukunin auna kansa?"

Tsumman da yake goge man keke na ɗauko,
ban wanke ba.
Shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu,
gutsuren alli da tef ɗin awo suka cika shi.
Yana kan taga.
Wajen azahar, in rana ta same shi,
ɗakin kan ɗauki warin mai,
sai Inna ta ɗago kai ta dubi ƙofa.